Khalifa da Ƙwallon Tsumma

Ranar da malamar su Khalifa ta tsare ni a ƙofar aji, ko abincin rana ban iya ci ba. "Maman Khalifa, yaron nan fa ba ya zama wuri ɗaya," in ji ta. "Sa'anninsa suna ƙirga ɗaya zuwa ashirin, shi ko biyar ba ya kaiwa." Shekararsa huɗu a lokacin. Na taho gida ina ta saƙe-saƙe, ko dai ɗan nawa ba ya ja ne? Har bulala na yi niyyar nema.

Da la'asar ina tsince shinkafa, yana ta dukan bango da ƙwallon tsumma. Ƙanin mijina ya shigo, ya ce, "Ɗan wasa, ƙwallo nawa ka ci?"

"Bakwai, Baffa! Irin lambar Ahmed Musa."

Na ajiye faranti. Na sa shi ya sake bugawa ina lissafawa a zuci. Bai yi kuskure ba har tara. Ashe ƙirgen yana nan, benci ne ba ya so.

Washegari na tattara robobin lemo guda goma, na zuba musu yashi kaɗan, na manna wa kowace lamba. Ya harba ƙwallo, uku suka faɗi. Na ce saura nawa a tsaye? Ya bi su da yatsa, ya ce bakwai. Ragi ke nan ya yi, ban faɗa masa sunansa ba, don kada ya gudu. Launuka kuwa da katin alƙalin wasa muka koya. Na yanka kwali, ja da rawaya, na ƙara kore da shuɗi duk da babu su a dokar ƙwallo. Ni ya fara ɗaga wa jan kati, ranar da na hana shi alewa. Hagu da dama ma a ƙafa ya rarrabe su: wadda yake harbi da ita, da wadda ya ce "ba ta jin magana".

Surukata tana daga kan tabarma tana kallonmu, dariya har da ƙwalla. "Ke 'yar nan, wai sabon abu kika gano? Mu da carafke muka iya ƙirge. Ka ɗauki tsakuwa ɗaya-ɗaya, sannan biyu-biyu, in ka ɓata 'yar'uwarka ta karɓe." Ita ta zana masa 'yar gala-gala da gawayi, ni na cike gidajen da haruffa. Yana tsalle da ƙafa ɗaya yana kiran a, b, ɓ.

Ban ga laifin malamar ba, yara cunkus a gabanta ita kaɗai. Amma har yau ban yarda a zaunar da ɗan shekara huɗu tun safe har azahar yana maimaita abin da bai taɓa da hannunsa ba.

Abin da ya fi ba mu wuya ba lissafi ba ne, faɗuwa ce. In ƙanwarsa ta kayar da robobi fiye da shi, sai birgima da kuka. Mun daɗe kafin ya yarda ya miƙa mata hannu bayan wasa, kuma yana yi yana zumɓura baki.

A ƙarshen zango malamar ta ce yana kaiwa talatin yanzu, amma zama dai babu. Na ce mata a yi haƙuri. Ban gaya mata ya fasa wa Hajiya randa ba.