Ɗan Chana na ɗakin kusa da nawa

In kana cikin irinmu da muka tashi da kallon finafinan Chanis, na san hoton da ke kanka: mutum ɗaya ya daka tsalle ya zubar da ƙarti goma. Da wannan hoton na sauka wata jami'a a arewacin Ingila a 2019, sai aka haɗa ni kicin ɗaya da wani saurayi ɗan lardin Sichuan. Wallahi ko ƙuda ban taɓa ganin ya kashe ba.

Sati uku gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na ɗauka girman kai ne, ashe tsoro ne. Ya ci jarrabawar IELTS, amma Turancin littafi daban, na bakin direban bas daban. A aji kuwa abin ya fi tsanani. Yaron da ya ƙare ƙuruciyarsa yana shirin gaokao, jarrabawar shiga jami'a da sama da mutum miliyan 10 ke zaunawa duk shekara a ƙasarsu, ya saba malami ya faɗa, ɗalibi ya rubuta. Yanzu an ce masa ya ja da malami, har maki ake bayarwa a kan haka. Ni dai na gane ciwon, don mu ma ba a koya mana musu da na gaba ba.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne wayarsa da mahaifiyarsa ta WeChat. Shi kaɗai suka haifa, don a zamanin dokar ɗa ɗaya aka haife shi, wadda aka soke a ƙarshen 2015. Ajiyar gida kaf a kansa ta ƙare. Ranar da aka maido masa da aikinsa na farko da maki mara kyau, ina jin sa ta bango yana dariya yana ba ta labari. Da ya kashe wayar sai ɗakin ya yi tsit har gari ya waye. Daga baya ya ce mini su a al'adarsu labari mai daɗi ake aikawa gida, mara daɗi a haɗiye.

Ba yau aka fara ba kuwa. Yung Wing ya gama jami'ar Yale a Amurka tun 1854, kuma shi ya yi ruwa ya yi tsaki aka fara tura yara 120 can daga 1872. A 1881 gwamnati ta kira su gida, wai sun zama Amurkawa da yawa. Kai, ko Bruce Lee naka, aikin gidan abinci ya yi a Seattle lokacin da yake ɗalibi.

Sabuwar shekararsu ta 2020 ta faɗo ranar 25 ga Janairu, kwana biyu bayan an rufe birnin Wuhan saboda korona. Ya je har shagon halal ya sayo naman sa, ya sayi sabuwar tukunya don kada in yi ƙyanƙyami, ya ce in zo mu ci. Yajin Sichuan ba irin namu ba ne, kashe leɓe yake yi. Ina ci ina hawaye, shi kuma yana ba ni labarin yadda wata mata ta tashi daga kusa da shi a bas don ta gan shi da takunkumi. Ban san me zan ce masa ba. Na ƙara romo.

Jirage suka yi wuya, tikiti ya yi tsada, bai samu tafiya ba. Ranar ƙaramar Salla, a watan Mayu, ina kwance ni kaɗai, ba Idi ba ziyara, sai na ji ƙwanƙwasa. Shi ne, da kwanon shinkafa, yana ta kokawa da "barka da Salla" da ya nemo a intanet.

Yanzu yana Chengdu. Waɗanda suka yi karatu a waje suka dawo, haigui ake ce musu, kalmar da sautinta ɗaya da kunkurun teku. Tukunyar nan ya bar mini ita, har Kano na taho da ita.