Tsaga Ko Huda: Abin Da Na Gani A Damargu

Daga Damagaram zuwa Tanut tafiyar kusan kilomita 150 ce a kan hanyar Agadas, gonakin hatsi na raguwa, rairayi na ƙaruwa.  A ƙasar nan ta Damargu mace ce ke daka, ita ke kora jakin da ke jan guga daga rijiya mai zurfin gaske. Kwanciyar jinya ta wata guda ba ƙaramar asara ba ce a gidanta.

Shi ya sa gardamar likitoci kan sankarar ƙwan mace ta tsaya mini a rai. Idan an kama cutar da wuri, hanya biyu ce. Ko a tsaga ciki a tsaye, likita ya gani da ido, ya laluba da hannu, ko kuma a huda ƙananan ƙofofi uku ko huɗu, a hura iska, a zura kyamara. Huda ba ta zubar da jini sosai, ana saurin sallama. Sai dai in ƙullutun ya fashe a ciki yayin aikin, cutar ta tashi daga matakin IA zuwa IC, galibi sai an bi da maganin kemo. Bitar binciken likitanci ta Cochrane ta 2016 ba ta sami gwajin da ya raba gardamar ba. A ganina, inda babu gwanin huda, tsaga ta fi aminci.

Amma duk wannan magana ce ta wadda aka gano da wuri. A wata ƙaramar likita ta ƙauye na tarar da wata dattijuwa, cikinta ya kumbura tim, duk tabon ƙaho da tsagar wanzami. Loma biyu take yi ta ƙoshi.

"Inna, tun yaushe?" in ji ungozoma.

"Tun kaka, 'yar nan. Cewa aka yi iska ce."

Ungozoma ta rubuta mata takardar zuwa Damagaram a yi hoton ciki. In abin da ake tsoro ne, wataƙila sai Yamai, wajen kilomita 900 gaba, inda asibitin mata na Issaka Gazobi da cibiyar yaƙi da sankara suke. Tun 2007 gwamnatin Nijar ta ayyana maganin sankarar mata kyauta, amma dokar ba ta biyan kuɗin mota, ba ta ciyar da mai jinya. Ɗan dattijuwar ya ce za su kama hanya bayan kasuwa ta ci, in ya sayar da awaki.