Gyaran da Ba Ya Jure Ɗaukewar Wuta

A ganina masu gyaran kwamfuta iri biyu ne. Akwai wanda zai tayar maka da na'ura ta yi aiki yau, akwai kuma wanda zai koya mata tashi da kanta gobe ko ba ya nan. A gari irin Madarumfa, inda ƙwararren mai gyara sai an ɗauko shi daga Maraɗi, bambancin nan ba ƙarami ba ne. Modem ne ya fahimtar da ni haka.

Intanet ya shigo Nijar a shekarun 1990 ta wayar tarho ta SONITEL. Kwamfuta ke buga lamba, modem ya yi ta ƙara kafin layi ya haɗu, gudunsa kuma bai wuce kilobit 56 a daƙiƙa ba. Mu da ba mu da wayar gida sai daga baya rabonmu ya zo, lokacin da Celtel ta koma Zain a 2008, Orange kuma ta shigo a shekarar. Sannan ne ƙananan modem na Huawei da ZTE, waɗanda muke ce wa kile, suka bazu. Su ma buga lamba suke yi, wato *99#, sai dai a shiru.

Modem ba ya jin yaren kwamfuta kai tsaye. Sai da wata ƴar manhaja da masu gyara ke kira direba, wadda aikinta tafinta ne tsakanin su biyun. In ba a loda ta ba, ko ka soka kile sau goma, kwamfuta ba ta san da baƙo ba.

Wajajen 2010 ina kula da kwamfutar wani shagon buga takardu a nan garin. Mun sa mata Linux saboda ƙwayoyin cutar da mutane ke kwasowa a filas sun hana mu sakat. Sai dai a tsohon tsarin da ke kanta, direban modem ɗinmu ba ya hawa da kansa. Duk lokacin da aka kunna, sai na rubuta umarnin modprobe usbserial, haɗe da lambar kamfanin Huawei, 12d1, da lambar samfurin. Aikin minti ɗaya ne, amma da an kashe kwamfuta ta manta.

Inda wuta ke zaune, sau ɗaya ake kunna kwamfuta da safe. Mu kuwa tamu daga Najeriya take zuwa ta Katsina, kuma a lokacin zafi sai kwamfuta ta mutu ta tashi sau da dama kafin la'asar. Ranar da na tafi Maraɗi, sakataren ƙungiyar manoma mai son tura rahoto Yamai, da ɗalibi mai neman gurbin karatu, duk sai su zauna jira. Wani wa'adin kuwa ba ya jiran kowa.

Maganin layi ɗaya ne. A Linux akwai fayil mai suna /etc/modules, wanda kwamfuta ke karantawa duk sa'ad da ta tashi, ta loda duk direban da aka jera a ciki. Na rubuta sunan direban da lambobinsa a can. Daga ranar, yaron shago ya danna maɓalli, ya jira kaɗan, ya shiga intanet.

Da na ba wani dattijon mai gyara labari a Maraɗi, sai ya girgiza kai. “Kai yaro, ka toshe wa kanka hanyar abinci. Da kowane kira jika guda ne, ban da kuɗin kabu-kabu.” Na ce, “Baba, in na yi tafiya ko na kwanta ciwo fa?” Ya yi dariya ya ce Allah na nan. Ban raina maganarsa ba, iyali yake ciyarwa. Amma ilimin da ke cikin kan mutum ɗaya kawai, ranar da ya bar gari tare suke tafiya. Aiki kuma bai ƙare mini ba, don wanda ka sauke wa nauyi shi ke turo maka wani.

Yanzu kile ya zama tarihi, mutane da yawa suna da intanet a wayarsu. Matsalar dai tana nan. Da Najeriya ta yanke mana wuta a Agustan 2023, har zuwa Maris na 2024, mutane da yawa sun koma sola da janareta, na'urori suka riƙa mutuwa suna tashi fiye da da. Saboda haka duk wanda zai haɗa maka kwamfuta, firinta ko famfon sola, kada ka sallame shi don ka ga abu na aiki. Ka ce ya kashe komai, ya koma gefe ya naɗe hannu, kai ka kunna. In ya tashi, ka biya shi da murna. In bai tashi ba, da sauran aiki.