Littafin da Muke Kai wa Iya da Kaka

Kowace shekara idan Oktoba ya raba, ruwa ya ɗauke, sai hankalinmu ya rabu biyu, mu biyun nan 'yan gida ɗaya da ke wannan makaranta. Rabi yana aji, rabi kuwa yana ƙauyenmu kusa da Dambatta, inda an riga an kai damman gero rumbu, dawa kuma ta sunkuyar da kai tana jiran Nuwamba. A wajenmu babu daji. Inda gonar wani ta ƙare nan ta wani ta fara, saboda haka da kaka ko ta ina ka juya ƙamshin harawa ne da hayaƙin gasa gyaɗa.

Idan za mu tafi hutun tsakiyar zango, littafi ɗaya ɗaya ake ba mu aro daga laburare. Mai karatu zai ce ai wannan ba abin dogon tunani ba ne. To, ba don kanmu muke zaɓa ba. Kakarmu, wadda muke kira Iya, yana ta rufe mata ido, kuma ba ta yi boko ba. Da dare ana zama a tsakar gida ana ɓarar gyaɗa, mu ne masu karatu, ita ce alƙali.

Mun sha gwaji. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda littafinsa na farko ya fito a 1937, shi ya fi dacewa da daren gajiya, don labaran aku gajeru ne, ko barci ya ɗauke mutum bai yi asarar kome ba. Ruwan Bagaja kuwa na daren da wake ya yi kyau ne, kowa na neman abin dariya, ga Malam Zurƙe yana jira. Sau ɗaya muka yi wauta muka kai wani littafin soyayya na kasuwa. Ranar mun sha tsallake layi a gaban iyayenmu, har Iya ta ce, "Maigida, yau kuma tuntuɓe bakinka yake yi?"

Akwai kuma karatun waya. A kasuwa masu turi suna zuba wa mutum littafi sukutum a memori, an karanta da murya mai daɗi. Ba mu raina shi ba, don mai roron wake ba shi da hannun buɗe shafi, kuma 'yan uwanmu mata da shi suke wuni a gona. Amma caji kuɗi ne, batir kuma ya kan mutu daidai inda labari ya yi zafi. Iya ma ba ta son sa. Ta ce mutumin cikin wayar ba ya tsayawa a yi masa gardama.

Bara muka ɗauki Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934. Dalilinmu ƙarami ne. Hazo ya sauko da wuri, muka ga labarin da ke da rairayi da guguwar hamada zai tafi daidai da iskar da ke busar mana da leɓe. Daren farko lafiya lau. A dare na biyu muka iso inda uwar Umar ta bar gida ta bi sawun ɗanta da aka sace, har ita ma ta faɗa hannun masu sayar da bayi. Sai muka ji ƙarar ɓawon gyaɗa ta tsaya a gefen Iya.

Ta ce, "Ku dakata, 'ya'yan nan."

Muka dakata. Ta daɗe ba ta ce uffan ba. Sa'an nan ta gaya mana cewa kakarta ta wajen uwa a ɗaure aka kawo ta garin nan tana yarinya, daga wani wuri can kudu, kafin Turawa su ci Kano a 1903. Har ta rasu ba ta iya faɗin sunan garinsu ba, sai dai ta tuna akwai duwatsu, da wani rafi da uwarta ke wanki. Mahaifinmu yana zaune a bakin zaure, ashe shi ma bai taɓa ji ba. Daren nan da na bayansa ba mu ƙara buɗe littafin ba. Ita ta yi ta magana, mu kuma muka yage tsakiyar littafin lissafi muna rubutawa a hasken tocila.

Bana gardama muke yi. Babbanmu yana son Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, labarin yaron ƙauye da birni ya ruɗa, don da an gama sussukar dawa samarin gidanmu za su kama hanyar Kano cin rani, gara su ji kafin su tafi. Ƙaramin kuwa yana tsoro, saboda autan Iya haka ya tafi shekara goma sha ɗaya ke nan, ko saƙo babu. Mun ga abin da littafi ya tono bara, kuma ba mu san ko ƙirjinta zai ɗauki na bana ba.

Ranar Juma'a za a rufe aro. Abu ɗaya dai muka daidaita a kai: za mu sake ɗaukar Shaihu Umar, don Iya ta aiko ƙanenmu ya tambaya ko matar nan ta ga ɗanta.