Scampi a Ƙasashe Uku: Abin da Teku Ta Bayar Shi Ake Girkawa

Mutum uku su nemi scampi a gidan abinci, ɗaya a Benis ta Italiya, ɗaya a wani gari na nan Birtaniya, ɗaya a Niyok ta Amurka, babu wanda zai gane abincinsa a kwanon ɗan'uwansa. Na Benis za a kawo masa wata halittar teku mai launin ruwan lemo, da kanta da ɓawonta da dogayen hannayenta, ta ɗan ji wuta cikin man zaitun da tafarnuwa. Na Birtaniya za a dire masa 'yan curi-curi da aka birkiɗa a garin burodi aka tsoma a tafasasshen mai, ga soyayyen dankali a gefe. Na Niyok kuwa jatan lande zai gani, an ɓare shi tas, yana ninƙaya cikin man shanu da tafarnuwa a kan taliya. Masu kishin girkin Italiya sun daɗe suna cewa na farkon ne kaɗai na gaske, sauran biyun lalata gado ne. Wannan hukunci ya yi tsauri. Kowace ƙasa ta riƙe abin da tekunta da kasuwarta suka ba ta damar riƙewa: Birtaniya ta samu halittar ta sauya girkin, Amurka ta rasa halittar ta riƙe girkin. Abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne mai saye ya san abin da ke shiga bakinsa, mai girki kuma ya san haƙƙin naman da ke gabansa.

Sai an fahimci halittar kafin a fahimci rabuwar. Masana na kiranta Nephrops norvegicus, Faransawa na ce mata langoustine, kuma ba jatan lande ba ce, ko da yake danginsu ɗaya na nesa. Tana da siraran hannaye biyu masu matsewa, kuma da wuya tsawonta ya wuce santimita 25. Rami take haƙawa a cikin laka a ƙasan teku, ba ta cika fitowa ba sai za ta nemi abinci. Ana samunta a gabashin Tekun Atalantika, daga Aisland da Nowe har zuwa gaɓar Maroko, da cikin Bahar Rum, musamman Tekun Adiriyatik. A gaɓar Amurka babu ita. Halinta na biyu shi ne saurin lalacewa: da ta mutu, kanta ya fara baƙi, namanta ya saki ya zama ɓurɓushi. Waɗannan abubuwa biyu, wato inda take zaune da gajeren lokacin da take jurewa bayan an kama ta, su ne suka tsara yadda kowace al'umma za ta ci ta, tun kafin wani mai girki ya ɗora kasko a wuta.

A bakin Adiriyatik, daga Benis zuwa Tiriyeste har mashigin Kvarner na Kuroshiya, tazarar da ke tsakanin jirgin masunci da tukunya 'yar kaɗan ce. Shi ya sa girkinsu na can, wanda suke kira busara ko buzara, ba ya wahalar da naman. Ana zuba man zaitun, a jefa tafarnuwa, a sa halittar da ɓawonta, a tsiyaya farar giyar inabi, a barbaɗa ganyen fasli da ɗan garin burodi don romon ya yi kauri, wasu su ƙara tumatir. Cikin 'yan mintuna an sauke. Da hannu ake ci, a ɓare, a tsotse kan, a dangwali romon da burodi. Ɗanɗanon romon nan daga ɓawo da kai yake fitowa, tafarnuwa rakiya kawai ta yi. Girki ne na wanda yake da tabbacin cewa abin da ya saya ɗazu ya fito daga ruwa, don haka bai da abin ɓoyewa. Yabon da ake yi wa wannan girki ya cancanta, sai dai rabin yabon na teku ne da kusancinta da kicin.

Italiyawa kusan miliyan huɗu ne suka shiga Amurka tsakanin 1880 da 1920, mafi yawansu talakawan kudancin ƙasar. Sun iske teku babu scampi, amma ga jatan lande tuli, ga man shanu da araha, abin da a ƙauyukansu sai mai hali. Masu gidajen abinci daga cikinsu suka ɗauki jatan lande suka yi masa girkin da aka saba yi wa scampi, suka ƙara tafarnuwa, suka haɗa man shanu da man zaitun, suka juye a kan taliya don ya ƙosar da ma'aikaci mai yunwa. Lidia Bastianich, shahararriyar mai girkin nan da aka haifa a Pula a bakin Adiriyatik ta kuma yi suna a Amurka, ta bayyana wannan musanya a rubuce-rubucenta kan girkin Italiyawan Amurka. A hankali sunan ya bar halittar ya koma kan romon, har ta kai yau manyan gidajen abinci irin su Olive Garden na sayar da scampi na kaza. Wanda ya kira wannan jahilci ya manta cewa waɗanda suka fara shi sun fi kowa sanin asalin abin. Hausawa na cewa idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Sauya halittar ya tilasta sauya aikin hannu, kuma a nan ake gane cewa girkin Amurka na da nasa ilimin. Jatan landen da aka ɓare ya rasa ɓawon da ke ba romo daɗi, don haka mai girkin kirki ba ya zubar da ɓawon, yakan tafasa shi dabam ya tace ruwan. Yakan tsane naman da tsumma mai tsabta, don jiƙaƙƙen nama turara yake yi a kasko maimakon ya soyu. Da man zaitun ake farawa, saboda ɗanyen man shanu na ɗauke da ragowar madara da ke fara ƙonewa a wajen digiri 150. Matan da ke soya man shanu har ya tace kafin a zuba a tuwo sun san wannan ragowar, ita ce ke kwantawa a gindin tukunya. Tafarnuwa ba ta son wuta mai ƙarfi: da ta yi ja ta yi ɗaci, kuma babu gyara. Jatan landen kansa minti biyu zuwa uku ya ishe shi. Idan ya yi ruwan hoda ya ɗan lanƙwashe, ya nuna. Idan ya naɗe har kai ya taɓa wutsiya, ya wuce, sai tauri. Sai an kwashe shi a zuba ruwan ɓawon da lemun tsami a bari ya ɗan ƙafe, a rage wuta, sannan a jefa man shanu mai sanyi gutsure-gutsure ana jijjiga kaskon. Haka man ke haɗewa da ruwan ya zama romo mai santsi da ke kama taliya, maimakon mai ya taso sama ruwa ya kwanta ƙasa.

Labarin Birtaniya ya bi wata hanyar. Tekun Sikotland da na Ailan cike suke da wannan halitta, amma har wajen tsakiyar ƙarni na 20 masunta da yawa mayar da ita ruwa suke yi idan ta faɗo cikin ragarsu. Kamfanin Young's na cewa shi ya fara sayar da wutsiyarta da sunan scampi a 1946. Abin da ya ba sana'ar ƙarfi shi ne firiza. Jirgin da ke jan raga a ƙasan teku da wuya ya kawo halittar da rai, don haka tun a kan ruwa ake cire kan a bar wutsiya, a ɓare ta a masana'anta, a lulluɓe da garin burodi, a daskarar. Zuwa shekarun 1970 ta zama abincin mashaya da na teburin iyali. A yau tana sahun gaba a cikin abin da ya fi kawo wa masuntan Sikotland kuɗi. Masu suka na cewa asara ce a binne nama mai daraja haka a cikin burodi, alhali manyan da aka kama da tarko, da ransu, Faransa da Sifen da Italiya ake kai wa. Akwai gaskiya a ciki, kuma an ga haɗarin dogaro da kasuwar waje a Janairun 2021, lokacin da takardun kan iyaka bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai suka sa kaya ke ruɓewa a hanya, har masu fitar da su suka jera manyan motocinsu a tsakiyar Landan don nuna fushi. Amma ƙananan wutsiyoyin da ake soyawa ba su ne za su samu kasuwa a Faris ba. Garin burodi da firiza ne suka mayar da abin zubarwa abincin da talakan da bai taɓa ganin teku ba zai iya saya.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na yaudara. An ce da zarar suna ya rabu da abin da yake nufi, an buɗe wa maha'inta ƙofa. Wannan ya faru a nan Birtaniya: akwai lokacin da ake yanka wutsiyar wani kifi mai araha a soya a sayar da sunan scampi. Maganin da aka yi shi ne doka ta ƙayyade cewa ba a rubuta scampi a kan kwali sai in Nephrops norvegicus ce a ciki, kuma mai saye na iya bambance cikakkiyar wutsiya da gutsattsarin da aka manne aka sake curawa. A Amurka kuwa jerin abincin da kansa yana faɗin ko jatan lande ne ko kaza, don haka ba a rufe wa kowa ido ba. Inda Amurka ke da rauni shi ne wani wurin: mafi yawan jatan landen da take ci daga waje yake zuwa, daga gonakin ruwa na Indiya da Ikwado da Indonesiya da Biyetnam, a daskare, kuma yawan tafarnuwa da man shanu kan rufe asirin wanda ya daɗe ko ya sha ruwa. Laifin nan na mai sayarwa ne da mai girki. Romo ɗaya ne a kan nama mai kyau da marar kyau, kuma harshe na ganewa.

Ga Musulmi mai zama ko ziyara a waɗannan ƙasashe, bambancin na da amfani a aikace. A mazhabar Malikiyya halittun teku halal ne, don haka naman ba shi ne abin dubawa ba. Giyar inabin da ke cikin girkin Italiya da na Amurka ce abin tambaya, kuma maganar da ake yi cewa wuta na kore ta ba ta inganta ba: alƙaluman Ma'aikatar Noma ta Amurka sun nuna abincin da ya yi minti 15 yana dahuwa na riƙe da kusan kashi 40 cikin ɗari na barasar da aka zuba, ga shi wannan romo bai ma kai haka a wuta ba. Aikin giyar a kaskon biyu ne, ta kawo tsami ta kuma kankare abin da ya kama a gindi, kuma ruwan ɓawo da lemun tsami na yin duka biyun. Mai kishin asali zai ce wannan ma wani ragi ne a kan ragi. Amma hujjar da ta halatta wa Ba'italiyen Niyok ya sa jatan lande a gurbin abin da bai samu ba, ita ce ta halatta wa Musulmi ya sa lemun tsami a gurbin abin da addininsa ya hana. Sharaɗin da ke kansu duka ɗaya ne: a faɗi abin da ke cikin kwanon, kada a ƙona tafarnuwa, kuma a sauke naman a kan lokaci.