KURA DA SHAN BUGU: LABARIN JUDY GARLAND

'Yan uwana mata, musamman ku 'yan makaranta, a duk taurarin fina-finan Amurka na da babu wadda labarinta ya tsaya mini a rai kamar Judy Garland. Na san da yawanku ba ku taɓa jin sunanta ba, tunda ta bar duniya tun shekarar 1969, amma in kin taɓa kallon fim ɗin nan The Wizard of Oz, to ai ita ce yarinyar nan mai jan takalmi mai walƙiya, wadda aka tufke wa gashi gida biyu, tana rungume da ɗan mitsitsin karenta. Ni dai muryarta ce ta fara kama ni, son muryar kuwa shi ya sa na bi tarihinta, abin da na tarar a ciki kuma ya fi ƙarfin in bar shi a cikina ni kaɗai.

Sunanta na yanka Frances Ethel Gumm, an haife ta ranar 10 ga watan Yuni 1922 a wani ƙaramin gari mai suna Grand Rapids a jihar Minnesota. Ita ce auta a cikin 'ya'ya mata uku. Iyayenta duka 'yan wasan dandali ne, mahaifinta kuma yana da gidan silima, don haka tun tana shekara biyu da rabi aka ɗora ta a kan dandamali tare da yayyenta ta yi waƙa a gaban jama'a. A 1926 suka yi ƙaura zuwa Kalifoniya, uwarsu ta shiga yawo da su gari-gari suna waƙa da rawa ana biyansu. A 1934 suka sauya sunan gidansu zuwa Garland, ita kuma daga baya ta zaɓar wa kanta Judy. Kin ga ke nan lokacin da sa'o'inta suke wasan 'yar tsana, ita tuni ta zama mai nemo wa gida abinci.

A 1935, tana da shekara 13, babban kamfanin fim na MGM ya ɗauke ta aiki bayan shugabansa Louis B. Mayer ya ji muryarta. Murna ba ta gama sauka ba sai ga baƙin ciki, domin a watan Nuwamba na wannan shekarar mahaifinta ya rasu da ciwon sanƙarau, shi ne kuwa wanda ta fi shaƙuwa da shi duk duniya. Allah sarki! Yarinya ta shiga hannun manya a daidai lokacin da bangon da take jingina da shi ya faɗi.

A kamfanin nan murya dai kowa ya yarda babu kamar tata, matsalar wai ita ce jikinta. Gajeruwa ce, ko ƙafa 5 ba ta cika ba, ga 'yar ƙiba irin ta ƙuruciya, alhali kamfanin cike yake da kyawawa irin su Lana Turner da Hedy Lamarr. Aka yi mata murfin haƙora, aka riƙa cusa mata wasu 'yan faya-fayen roba a hanci don ya miƙe, aka sa ido a kan kwanon abincinta, ta nemi abinci a kawo mata romo tsura. An ruwaito cewa shi kansa shugaban kamfanin yakan kira ta da 'yar ƙusumbinsa. Don Allah ki tsaya ki auna, yarinya ce fa da ba ta wuce sa'arki ba, kullum safiya manya suna duban fuskarta suna faɗa mata abin da ya rage ta zama mutum.

Wannan wurin shi ya fi taɓa ni, domin ni ma na ɗanɗani irinsa, ko da yake nawa bai kai cikin cokalin nata ba. Ina aji ɗaya a makarantar kwana wata babbar ɗaliba ta laƙaba mini suna saboda gajartata, ɗakin kwana kaf aka ɗauka. Ita a wurinta wasa ne, na tabbata kafin hutu ta manta, amma ni sai da na shekara uku ba na yarda in tsaya a layin gaba in za a ɗauki hoto, in malama ta ce wa zai fito ya yi karatu sai in sunkuyar da kai alhali na iya. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. To ni ɗaliba ɗaya ce ta faɗa mini, ita kuwa Judy waɗanda suke biyanta albashi ne, waɗanda in sun ce fari ba ta isa ta ce baƙi ba.

Sai kuma maganar ƙwaya. Ita da bakinta bayan ta girma ta ba da labarin yadda ake ba su ƙwayoyin kashe yunwa da hana barci don su jure dogon aiki, in an tashi kuma a ba su na sa barci, da asuba a sake tashinsu da na farko. Wasu marubuta tarihinta ma sun ce uwarta ce ta fara ba ta tun kafin ta shiga kamfanin. Illar irin waɗannan ƙwayoyi ita ce jiki yana sabawa da su, ɗaya da ta ishe ki bara ba za ta ishe ki bana ba, ta hana barci tana tilasta miki shan ta barci, ta barci kuma tana barinki da kasala har sai kin nemi ta farkawa. Haka aka ɗaura mata igiyar da ta yi shekara talatin tana fama ta kwance.

A cikin wannan hali aka yi The Wizard of Oz, wanda ya fito a 1939. Tana da shekara 16 lokacin ɗauka, amma saboda ana son ta fito a ƙaramar yarinya Dorothy sai aka riƙa ɗaure mata ƙirji tamau a ƙarƙashin riga. A fim ɗin ne ta rera Over the Rainbow, waƙar da ta ci kyautar Oscar, ita ma aka ba ta ƙaramar Oscar ta yara a 1940. Albashinta dala 500 ne a mako, alhali maza biyu daga cikin abokan tafiyarta a fim ɗin, Ray Bolger da Jack Haley, kowannensu dala 3,000 yake karɓa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Daga nan fa sai fim a kan fim, ita da abokinta Mickey Rooney, irin su Babes in Arms. A 1941, tana da shekara 19, ta auri wani mai tsara kiɗa David Rose ba da son kamfani ba, auren ya mutu a 1944. A wannan shekarar ce aka yi Meet Me in St. Louis, kuma a nan wani abu ya faru da nake so ki riƙe. Mai yi mata kwalliya, wata mata Dorothy Ponedel, ta dubi murfin haƙoran nan da faya-fayen hanci ta ajiye su gefe, ta nuna mata ba ta bukatarsu, ta gyara mata gira da leɓe kawai. Duk wanda ya kalli fim ɗin ya ga kyakkyawar mace, ita kanta Judy ta riƙe matar nan a matsayin mai kwalliyarta har ta bar kamfanin. Ashe dama kyan yana nan, wanda zai faɗa mata ne ba a samu ba.

Daraktan wannan fim, Vincente Minnelli, shi ta aura a 1945, suka haifi Liza a 1946. A 1948 ta yi Easter Parade da gwanin rawa Fred Astaire, fim ɗin ya kawo kuɗi masu yawa. Amma rai dangin goro ne, hutu yake so. Jiki ya fara gazawa, yau ta makara gobe ta kasa fitowa, aka kwantar da ita asibiti, a 1949 aka cire ta daga fim ɗin Annie Get Your Gun, a 1950 kuma suka rabu da MGM bayan shekara 15. Tana da shekara 28 kacal a lokacin, mutane suka ce ai tata ta ƙare.

Abin da ya sa ba tausayinta kaɗai nake ji ba, har da girmamawa, shi ne yadda take faɗuwa ta tashi. A 1951 ta tafi Landan ta yi waƙa a gidan wasa na Palladium, ta dawo New York ta yi mako 19 a gidan wasa na Palace. A 1952 ta auri Sid Luft, suka haifi Lorna da Joey. A 1954 ta yi A Star Is Born, kowa ya sa rai ita za ta ɗauki Oscar, har aka kai na'urorin ɗaukar hoto ɗakinta na asibiti domin ta haihu ke nan, sai aka kira sunan Grace Kelly, ma'aikata suka naɗe kayansu suka fice. A 1959 ciwon hanta ya kwantar da ita har likitoci suka ce da wuya ta ƙara waƙa, amma ranar 23 ga Afrilu 1961 ta tsaya a zauren Carnegie Hall ta yi wasan da har yau ake labarinsa. Faifan wannan dare ya yi mako 13 a sahun farko na kasuwa, ya ci kyautar Grammy ta faifan shekara, ita ce kuma mace ta farko da ta taɓa cin wannan kyauta.

To ina kuɗin? Nan ne wani abin takaicin. Tun tana yarinya wasu ne suke riƙe mata dukiya, daga uwa zuwa miji zuwa wakilai. Bashin haraji ya taru mata, shirin talabijin ɗinta na 1963 zuwa 1964 aka tsayar da shi bayan fitowa 26, har ta kai ta rasa gidanta na Kalifoniya. Ta auri Mark Herron a 1965 bai ɗore ba, ta auri Mickey Deans a watan Maris 1969, miji na biyar ke nan. Ni a ganina ba yawan aure take so ba, inuwar da ta rasa tun tana shekara 13 take nema, kowane namiji kuwa ya zo sai ya tarar da tauraruwa, ita kuma marainiyar da ke ciki ba mai ganinta.

Ranar 22 ga Yuni 1969 aka tarar da gawarta a gidan haya a Landan, kwana 12 bayan ta cika shekara 47. Mai binciken gawa ya ce ƙwayar barci ce ta yi mata yawa, ba da niyya ba. Kimanin mutum 20,000 suka yi layi a New York don yi mata ban kwana. 'Yarta Liza ta ci Oscar a 1973 da fim ɗin Cabaret, a 2020 kuma Renée Zellweger ta ci Oscar saboda fitowa a matsayin Judy, wato kyautar da ita mai labarin ba ta samu ba tana raye.

'Yar uwa, ba na ce ki binne baiwarki ba, in kina da murya ko alƙalami ko basira ki yi amfani da ita. Amma duk wanda ya ce yana sonki ko zai ɗaukaka ki, sannan ya fara da lissafa miki aibun jikinki, ya miƙo miki ƙwaya ko mai wai don ki rame ko ki yi ƙiba ko ki yi haske, to ki sani ribarsa yake dubawa. Ki riƙe karatunki, ki iya ƙirga kuɗinki da hannunki, kada ki sa hannu a takardar da ba ki karanta ba. Ki kuma kula da bakinki a kan ƙanwarki da 'yar ajinku. In kin ga wata ana yi mata dariya saboda halittarta, ki zama kamar mai kwalliyar nan da ta ajiye faya-fayen roba gefe, ki faɗa mata alherin da kika gani a tare da ita tun tana da kunnen ji.