Harafi Ne Ko Tsayuwar Wata?

 

Kaɗan ne cikin waɗanda suka zauna ajin firamare a ƙasar Hausa ba su san Ruwan Bagaja ba. Alhaji Abubakar Imam, Allah Ya jiƙansa, ya rubuta shi domin gasar da aka shirya a Zariya cikin 1933, lokacin yana malami a Midil ta Katsina, aka buga shi cikin 1934. Muna yara, abin da ke jan hankalinmu cikinsa shi ne aljannu, da doguwar tafiyar da Alhaji Imam na cikin labarin ya yi neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, da kuma yadda shi da Malam Zurƙe ɗan Muhamman ke ƙulla wa juna tsiya gari gari.

Da na koma masa da furfura a gemu, sai na ga wuri guda ya fi ƙarfin dariya. Alhaji ya sauka wani gari ya maida kansa malami, alhali bai san ko bihim ba. Mutane suka karɓe shi, sadaka tana ta shigowa. Ana nan sai ga Zurƙe da littattafansa, aka haɗa su gaban jama'a don a ga wanda ya fi. Alhaji ya duƙa ya ja wani lanƙwasasshen zane a ƙasa, ya ce a karanta. Zurƙe ya duba, ya kira sunan harafin Larabci, gama abin da ido mai karatu zai gani ke nan. Alhaji ya ce sam, wannan tsayuwar wata ce. Jama'a suka leƙa, suka ga lalle haka jinjirin wata yake, suka yi wa Zurƙe ature.

To, jama'a, ku duba wanda ya yanke hukuncin nan. Ba Alhaji ba ne, shi neman tuwonsa yake. Taron ne ya zama alƙali, ya ba da gaskiya ga wanda amsarsa ta yi daidai da abin da idonsu ya saba gani. Ba na cewa Zurƙe waliyyi ne, shi ma gwanin makirci ne, amma a ranar shi ke da karatu, kuma karatun ne ya jawo masa jifa.

Nan na tuna hadisin Abdullahi ɗan Amru da Buhari da Muslim suka ruwaito, mai nuna cewa ana ɗauke ilmi ne ta hanyar mutuwar malamai, har mutane su naɗa jahilai shugabanni, su yi ta ba da fatawa ba da sani ba. Irin taron nan yanzu ba ya bukatar ƙofar fada. Yana cikin wayar hannu, inda mai kaifin baki ke tara dubban mabiya, wanda kuwa ya ƙare ƙuruciyarsa a zaure bisa Risala da Muhtasar ya buɗe baki a ce ya cika tsauri.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, cikin dukan mutanen garin nan ba a sami ko almajiri guda da ya gama babbaƙu ba, wanda zai miƙe ya ce shi ma an taɓa rubuta masa wannan harafi a allo.